Yadda ake gyara wa dattijo babbar waya ta dace da idonsa, kunnensa da yatsansa

A gidaje da yawa a Jos, daga Gangare zuwa Unguwar Rogo har Bukuru, ɗa ko jika yakan saya wa tsoho babbar waya, a kawo ta cikin kwali, a yi ta sa albarka. Bayan wata guda sai ka tarar da ita a ƙarƙashin filo, Baba ya koma wa 'yar ƙaramarsa mai tocila. In ka tambaya ya ce ta fi ƙarfinsa. Ni kuwa ban yarda ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana lissafin buhunan dankali da kwandunan tumatir da ka a Farin Gada, ba danna waya ne zai gagare shi ba. An saita wayar ne tun daga kamfani don idon saurayi da yatsan saurayi, mu kuma muka miƙa masa ita a haka, muka kama gabanmu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sirri. Tsohuwar da ba ta iya buɗe saƙo da kanta dole ta nemi yaron maƙwabta ya karanta mata, kafin la'asar kuwa rabin layi ya san nawa aka turo mata da wanda ya turo. Dattijon da fanshonsa ke shigowa ta waya yakan miƙa ta ga duk wanda ya samu a kusa. Gyaran awa ɗaya ko biyu yana raba su da wannan, kuma kusan duk abin da ake buƙata yana cikin wayar tun ranar da aka saye ta, ba sai an kashe ko kwabo ba.

Ka tanadi waya mai caji, da gilashin karatunsa in yana sawa, da ƙaramin littafi da biro. Galibin wayoyin da ke hannun iyayenmu Tecno ne, ko Infinix, ko itel, ko Samsung, ko Redmi, duka kuma Android ne a cikinsu. Sunayen wuraren saiti da Turanci suke fitowa, don haka zan rubuta su yadda za ka gan su. Suna ɗan bambanta daga waya zuwa waya. In ka nemi abu ka rasa, shiga Settings, ka rubuta sunansa a wurin bincike da ke can sama, zai fito.

Kafin ka taɓa komai, tambaye shi me yake so wayar ta yi masa. Wani kira kawai yake so da labaran rediyo. Wata hotunan jikokinta na Kaduna ne damuwarta, da karatun Alƙur'ani da asuba. Amsar da ya ba ka ita za ta nuna maka abin da za ka fito da shi fili da abin da za ka kawar.

Fara da ido

Shiga Settings, sannan Display, ka nemi Font size. Za ka ga wani ɗigo a kan layi, ka ja shi dama, rubutu ya girma. Kada ka yanke hukunci da naka idon. Buɗe masa saƙo na gaske, irin wanda banki ke turowa, ka miƙa masa ka ce: "Baba, a gwada karanta wannan." In ya miƙar da hannu nesa ko ya runtse ido, ƙara. Wayoyi masu Android 14 zuwa sama suna iya ninka girman rubutu har sau 2. Kusa da nan akwai Display size, a Samsung kuma Screen zoom, wanda ke ƙara girman alamomi da maɓallai baki ɗaya. Kunna Bold text ma, domin rubutu mai kauri ya fi wa tsohon ido sauƙi fiye da dogo siriri.

Hoton bangon waya yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Hoton biki mai launi goma yana haɗiye sunayen manhajoji. Sa bango mai launi ɗaya, hoton jikoki kuma ya koma fuskar da ke fitowa idan waya tana kulle, inda ba ya tare komai. Batun baƙin allo da matasa ke so, kada ka ɗora masa. Nuna masa fari, nuna masa baƙi, ya zaɓa.

Sai Screen timeout. Wayoyi da yawa suna zuwa a daƙiƙa 15 ko 30, wato kafin Hajiya ta lalubo gilashinta a jaka allon ya mutu, ta kunna, ta sa gilashin, ya sake mutuwa. Mayar da shi minti 2. Kunna hasken da ke daidaita kansa, don ta iya gani a tsakar gida da rana, kuma kada ya kashe mata ido da dare.

In wayar Samsung ce, cikin Display akwai Easy mode, wanda ke yin rabin wannan aikin da taɓi ɗaya. Wasu wayoyin ma suna da irinsa da suna Simple mode ko makamancin haka.

Maɓallai uku, da fuskar waya mai sarari

Sababbin wayoyi sun ɓoye maɓallan ƙasa, sai dai a ja yatsa daga gefe ko daga ƙasa. Ga dattijo wannan wahala ce tsagwaronta, domin babu abin da ido zai gani ya tuna. Nemi Navigation, wani lokaci System navigation ko Navigation bar, ka zaɓi mai maɓallai uku. Daga nan ka koya masa na tsakiya kafin komai: "Duk inda aka ɓata, a taɓa wannan, za a dawo gida." Yawancin tsoron da tsofaffi ke yi wa babbar waya tsoron shiga inda ba za su iya fita ba ne. Da zarar ya tabbatar akwai ƙofar fita, za ka ga ya saki jiki yana taɓe-taɓe da kansa.

Yanzu share fuskar wayar. Danna kowace alamar da ba ya buƙata ka riƙe, ka zaɓi Remove. Wannan cire ta ne daga gaba kawai, ba goge ta ba. A bar kira, saƙo, WhatsApp, kyamara, hotuna, agogo, rediyo. Shafi ɗaya ya isa.

Ga abin da na fi so a duk aikin nan. Danna wurin da babu komai a fuskar wayar ka riƙe, zaɓi Widgets, nemi Contacts, ka ɗauko Direct dial, ka zaɓi mutum. Hotonsa zai zauna a fuskar waya, taɓi ɗaya ya kira shi. Yi wa mutum huɗu ko biyar da ya fi kira: babban ɗa, 'yar da ke aure a Bauchi, maƙwabci, mai keken da ke kai shi asibiti. Sa wa kowa hoton fuskarsa a kusa, ba hoton taro ba. Ga wadda ba ta yi boko ba, wannan kaɗai ya raba ta da "zo ka nemo mini lambar wane". Sunayen kuma ka rubuta su yadda take kiran mutanen. In Auta take cewa, ka rubuta Auta, in Babangida ne ka rubuta Babangida, kada ka sa sunan da ke kan takardar makaranta. In wayar tana da Lock layout a saitin fuskar gida, kunna shi don kada alamomin su riƙa yawo.

Mai layi biyu kuma, shiga saitin sim ka zaɓi wanda za a riƙa kira da shi kullum, don wayar ta daina tambayarsa wanne a duk kira.

Yatsa, musamman da hunturu

Duk wanda ya yi Disamba da Janairu a Jos ya san yadda sanyi da iska ke mayar da fata. Allon waya yana jin taɓi ne ta ɗan lantarkin da ke jikin fata, busasshiyar fata mai kanta kuwa ba ta isar da shi sosai. Sai ka ga Baba ya taɓa, shiru, ya ƙara taɓawa da ƙarfi, shiru, ya danne ya riƙe, sai alamar ta taso tana rawa ko wani abu dabam ya buɗe. Daga nan ya ajiye ta ya ce ba ta jin maganarsa. Dubi yatsan nasa da kyau: sau da yawa da farce yake bugawa, ko da gefen da ya yi kanta. Nuna masa ya sa cikin yatsa, taɓi mai sauƙi, ya ɗauke. Ɗan man shafawa kaɗan a hannu yana taimakawa, safar hannu ta ulu kuwa sai an cire. Gilashin kariya mai kauri ko wanda ya tsage yana ƙara matsalar, a canza shi. Samsung na da Touch sensitivity a cikin Display, wanda aka yi don masu gilashin kariya.

Sannan shiga Accessibility ka nemi Touch and hold delay, ka mayar da shi Medium ko Long. Ma'anarsa wayar za ta ƙara haƙuri kafin ta ɗauka cewa riƙewa aka yi. Ga mai rawar hannu, Samsung na da Ignore repeated touches, wanda ke sa ta ƙirga taɓi biyu na kuskure a matsayin ɗaya.

Ɗaga kira ma sai an koya. Wata wayar a ja kore sama, wata a ja gefe. Fita waje ka kira shi, ya ɗaga, ya kashe, ku maimaita har hannunsa ya saba. A Samsung, cikin saitin kira akwai inda ake sa maɓallin ƙara sauti ya ɗaga kira, kuma a yawancin wayoyi ana iya sa maɓallin kunnawa ya katse shi. Maɓallin da yatsa ke ji ya fi wanda aka zana a gilashi.

Kunne

Mutane da yawa ba su san sautin waya kashi-kashi ba ne: na shigowar kira dabam, na bidiyo da karatu dabam, na ƙararrawa dabam, na muryar wanda ake magana da shi dabam. Maɓallin gefe yawanci na bidiyo yake ƙarawa, shi ya sa za ka ji an ce "na ƙure ta amma ba na jin kira". Shiga Sound ka ɗaga kowanne da hannu. Muryar mai magana kuwa sai ana cikin kira ake ƙara ta, don haka ka yi hakan a lokacin gwajin nan. Zaɓi ƙarar kira mai kauri irin ta tsohuwar tarho, domin kunnen da ya manyanta siraran sautuka yake fara rasawa. Haɗa da girgiza. A wayoyi da yawa akwai Flash notification, inda tocilar baya ke walƙiya in kira ya shigo, abin da ke da amfani ga wadda ke tsakar gida ana daka ko injin markaɗe na ruri a maƙwabta.

In kunne ɗaya ya fi ɗaya, cikin Accessibility akwai Mono audio da Audio balance don mai sa iyafis. Duba kuma ramukan sifika. Ƙurar hunturu tana toshe su, busasshen buroshin haƙori mai laushi yana fitar da ita. Kada a sa allura.

Rediyon FM da ke zuwa a yawancin Tecno, Infinix da itel ba ya cin data ko kaɗan. A da yawa daga cikinsu sai an soka iyafis, domin igiyarsa ce eriya, amma bayan an soka ana iya mayar da sautin sifika. Kama masa tashoshin da ya saba, su PRTV da Highland FM da Unity FM, ka adana su.

Baki ya hutar da yatsa

Babu dalilin tilasta wa dattijo rubutu a kan ƙananan haruffa. A WhatsApp koya masa saƙon murya: a danna alamar makirufo a riƙe, a yi magana, a saki. In riƙewar na ba shi wuya, ya ja ta sama ta kulle, ya yi maganarsa a natse, sannan ya taɓa alamar turawa. Ita manhajar ma ana iya mayar da ita Hausa a cikin App language.

Ga mai son rubutu, allon rubutu na Gboard yana da Hausa har da ƙ da ɗ da ɓ, yana da Larabci ga wanda ya fi sabawa da shi, kuma ana iya ƙara masa tsayi don haruffan su yi girma. Tun 2024 Google ya sa Hausa cikin harsunan da ake yi wa magana ya rubuta. Yana buƙatar intanet, kuma yakan yi kuskure a sunaye, saboda haka a duba kafin a tura.

Magani, asibiti da kyamara

Mai hawan jini ko ciwon suga, ƙararrawar da ke cikin Clock ta fi masa kowace manhaja da za a sauke. Taɓa alamar ƙari, sa lokacin da likita ya faɗa, zaɓi duk ranakun mako, sannan ka rubuta mata suna a Label da kalmomin da shi ke amfani da su: "farar ƙwaya ta safe", "na suga kafin abinci". Sa mata ƙara dabam da ta kira. Ba ta buƙatar data, kuma tana bugawa ko wayar na a shiru, amma kada a dogara da ita in wayar a kashe take. Nuna masa bambancin maɓallin tsayarwa da na jinkirtawa, in ba haka ba za ta yi ta dawowa har ya tsane ta. Ranar komawa asibiti, ko asibitin koyarwa na JUTH ne a Lamingo ko asibitin ƙwararru na jiha, sa ta a Calendar da tunatarwa kwana ɗaya kafin ranar, don a samu damar shirya abin hawa.

Kyamara kuma gilashin ƙara girma ce da ke aljihu. Ya ɗauki hoton rubutun jikin kwalin magani, ya buɗe hoton, ya ware yatsu biyu a kai, rubutun ya taso. Haka lambobi 20 na katin wutar mita, waɗanda ke wahalar da mai lafiyar ido ma. Ɗauki hoton katin asibitinsa, da takardar magungunan da likita ya rubuta, da lambar mita, ka sa musu alamar zuciya ko tauraro don su taru wuri ɗaya. Ranar da aka je kemis aka manta sunan magani, hoto ya wadatar. Katin cirar kuɗi kaɗai ne ba a ɗauka hoto, gaba ko baya.

Tocila tana cikin labulen da ake jawowa daga saman allo. Matso da ita ta zama ta farko a jere, ka kai alamar jirgin sama can ƙarshe inda hannu ba zai faɗa mata ba.

Shiru a wurin ibada

Dattawa da yawa suna kashe waya in za su shiga masallaci ko majami'a, su manta ba su kunna ba sai dare, 'ya'ya na can hankali a tashe. Do Not Disturb, wanda ke sa waya shiru ba tare da an kashe ta ba, ya fi. Saita shi ya riƙa kashe kansa bayan awa 1, ko ka tsara masa lokaci, misali ranar Juma'a da azahar ko Lahadi da safe. Da dare kuma a bar kiran mutanen da aka sa wa tauraro a jerin lambobi ya shigo, tare da wanda ya sake kira cikin minti 15, domin mai kira sau biyu a jere da tsakar dare ba gaisuwa ya kira yi ba.

Ranar da ba a fata

Cikin Settings akwai Safety and emergency. Cika Medical information: suna, rukunin jini in an sani tabbas, ciwon da yake fama da shi, magungunan da yake sha, da wanda jikinsa ba ya karɓa. A Emergency contacts sa mutum biyu da ke zaune a Jos, waɗanda za su iya isowa, ba wanda ke Legas kaɗai ba. Amfanin wannan shi ne in jiri ya kwashe shi a Terminus, wanda ya tsaya taimako zai iya ganin bayanan ya kira ku ba tare da ya buɗe wayar ba. Da yake ba kowa ya san inda ake dubawa ba, rubuta a fuskar kulle ma: "In an tsinci wayar nan a kira", sai lambarka. Wurin rubuta wannan yana cikin Lock screen.

Daga Android 12 zuwa sama, danna maɓallin kunnawa sau 5 da sauri yana tayar da kiran gaggawa. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, kyauta ce, kuma a wayoyi da yawa ana iya sa lambar ɗan uwa ko a tura masa saƙo da inda mai wayar yake. Ka auna mutumin kafin ka kunna: in mai yawan danne-danne ne, bar ƙidayar gargaɗi mai ƙara a kunne don ya iya sokewa.

Garinmu gari ne da wani lokaci ake wayar gari da dokar hana fita. Koya masa tura inda yake ta WhatsApp, wanda ke ba da zaɓin minti 15, awa 1 ko awa 8. Amma da saninsa da yardarsa. Uba ba yaro ba ne da za a sa wa ido a ɓoye.

Kulle, sim da 'yan damfara

Wasu suna barin wayar tsoho a buɗe wai don sauƙi. Kuskure ne babba, tunda layin nan shi ne ke haɗe da asusunsa. Sa lambar sirri da zai iya tunawa, ban da shekarar haihuwa da 1234. Ƙara zanen yatsa, ka yi rajistar yatsu biyu, ka gaya masa jiƙaƙƙen hannu bayan alwala ba ya buɗewa sai an goge. A saitin sanarwa zaɓi ɓoye abin da saƙo ya ƙunsa idan waya na kulle, don kada lambar da banki ya turo ta fito kowa ya gani.

Ɓarawon waya sau da yawa sim yake nema, ya cire ya sa a wata wayar ya shiga asusu. Maganinsa SIM lock, a cikin Security. Yi hattara a nan: in an yi kuskuren lambar sau 3 layin zai rufe sai da PUK, wadda ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin, in an yi kuskuren PUK sau 10 kuwa sim ɗin ya mutu. Tambayi kamfanin layin lambar farko ta hanyar kiran 300, kada ka yi ta cinke. Wayar za ta riƙa neman lambar duk lokacin da aka kunna ta, don haka ka tabbata ya riƙe ta.

Saiti ba ya hana mutum faɗa da bakinsa, saboda haka zauna ku yi magana. Masu kiran nan sun iya ladabi, sun iya "ranka ya daɗe", wani lokaci har sunansa cikakke suke faɗa. Za su ce an rufe asusu, ko ya ci tallafi, ko an ba shi kujerar Umara, ko jikansa ya yi haɗari a turo kuɗi yanzu. Ka ba shi doka ɗaya tak: lambar BVN, da NIN, da lambar katin banki, da duk lambar da ta shigo ta saƙo, ba a faɗa wa kowa a waya, ko da ya ce daga banki yake. Ya katse, ya taɓa hotonka. Ka kuma gaya masa cewa katse wa irin waɗannan waya ba rashin kunya ba ne, domin kunyar ce suke amfani da ita a kan dattawa. A WhatsApp kunna Two-step verification, wato ƙarin lambar sirri, saboda masu kwace shafi da lambobi 6 da suke cewa "an turo maka bisa kuskure". Tura STOP zuwa 2442 yana rage saƙonnin talla. In wani abu na cin kuɗin layinsa kuma kamfani bai warware ba, hukumar sadarwa ta NCC na karɓar ƙorafi a 622.

Lambobin mutanensa kuma a adana su a asusun Google, kada a bar su a sim ko cikin waya kaɗai. Buɗe asusun da sunansa, sa lambarka a matsayin ta ceto, rubuta kalmar sirrin a ajiye inda ake ajiye takardun gida. Tabbatar Find My Device, wanda yanzu ake kira Find Hub, yana kunne, don a iya sa wayar ta yi ƙara ko a kulle ta daga nesa. Danna *#06# ka kwafe lambar IMEI mai lamba 15, wato lambar shaidar wayar.

Data da caji

Tun 2023 lambobin duba kuɗi suka zama iri ɗaya a duk layuka: *310# kuɗin kira, *323# ragowar data, *312# sayen data, *311* da lambar kati da # don loda kati. Adana na dubawar cikin jerin lambobi da suna "Duba kuɗi" da "Duba data". A WhatsApp shiga Storage and data ka hana bidiyo sauka da kansa, domin zaurukan dangi da na unguwa su ne ke cinye data su cika waya. A Play Store hana sabunta manhajoji da datar layi. Duk sanarwar talla da ta fito, danna ta ka riƙe ka kashe ta daga tushe. Fito da adadin caji da lamba a saman allo, ka nuna masa Battery saver don ranar da babu wuta. Kada a yi caji a ƙarƙashin filo ko bargo, komai sanyi, batirin da ya kumbura kuma a canza shi nan take.

Koyarwar kanta

Wayar ta zauna a hannunsa, naka hannun ya koma gefe. Da ka karɓa ka ce "kawo in yi", darasin ya ƙare, ya koyi cewa kai ne ka iya. Zauna a gefensa, ba gabansa ba, don ku ga allon ta fuska ɗaya. Abu ɗaya a zama ɗaya: yau kira, gobe saƙon murya, jibi hoto. Sannu ba ta hana zuwa. In ya sake tambayar abin da ka nuna jiya, amsa kamar yau ya fara tambaya, kuma ka sallami jikokin da ke tsaye suna dariya. Su ma ka ja musu kunne kan sauke wasanni a wayar Kaka, don su ne kan dagula duk abin da ka shirya.

Littafin nan da ka tanada, shi zai rubuta a ciki da hannunsa, da boko ko da ajami, duk wanda ya fi masa. Wadda ba ta rubutu ka zana mata alamomin: kore na ɗagawa, ja na kashewa, makirufo, maɓallin gida. Lambar sirri kada ta shiga wannan littafin.

Bayan mako guda ka koma ka duba, za ka tarar da ɗaya daga cikin matsaloli uku. In kira ba ya shiga ba ya fita, duba alamar jirgin sama a saman allo, ka kashe ta. In waya ba ta ƙara, duba ko maɓallin gefe ya dannu a aljihu ko Do Not Disturb ya zauna a kunne. Ta ukun ita ce ke firgita gida: waya ta fara magana da Turanci ita kaɗai, koren akwati na zagaye duk abin da aka taɓa, kuma babu abin da ke buɗewa. Ba lalacewa ta yi ba, TalkBack ne ya kunnu, wanda aka yi don makafi. Danna maɓallan ƙara sauti da rage shi tare ka riƙe daƙiƙa 3, a yawancin wayoyi zai mutu. In bai mutu ba, ka bi ta Settings zuwa Accessibility da irin tafiyarsa: taɓi ɗaya ya zaɓa, taɓi biyu da sauri ya buɗe, yatsu biyu su ja shafi sama ko ƙasa. In ka kashe shi, kashe gajeriyar hanyar kunna shi da ke wannan shafin, sai fa in mai wayar idonsa ya yi raunin da karatun murya zai amfane shi, wanda shi kuma zama ne na musamman da za ku ware wa rana guda.